KO YA HALATTA MUSULMI YA JI DAƊIN ZAMA A LOKACIN ANNOBA?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, akwai wata magana da muka sha ji a bakin mutanen Kurfai, daga Filinge har nan Sanam, duk sa'ad da aka tuna shekarar korona. Mutum yakan sassauta murya ya ce: "Malam, ni fa kwanakin nan na ji daɗinsu, ko ina da laifi?" Tambayar ta cancanci amsa, domin mai yin ta yana jin kunyar samun natsuwa a lokacin da wasu ke binne 'yan uwansu.

Bari mu tuna yadda abin ya kasance. A ran 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da makarantu, ta hana taruwa, ta rufe masallatai, kana aka killace birnin Yamai tare da hana fitar dare. Ba a buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu, watau azumin 1441 ya kai bakin goman ƙarshe. Mu mutanen ƙasar Abala takura ba baƙuwarmu ba ce, tun a 2017 aka saka mu cikin dokar ta-ɓaci saboda rashin tsaro. Amma wannan ta zo da wani kama dabam: hanyar Yamai ta yi tsit, 'yan lakkwal suna gida, bukin aure da na suna suka koma na mutane kaɗan, ga kuma zafin bazara da ke tilasta wa kowa neman inuwa.

A cikin wannan tsit ɗin ne magidanta da yawa suka tarar da abin da ba su nema ba. Wanda ya saba sallame Magariba ya zarce hira a tasha, sai ga shi a tsakar gida yana jan matarsa da 'ya'yansa salla. A nan wani ya gano ɗansa mai shekara goma bai iya tahiya ba, wani kuma ya gano 'yarsa ta fi shi gyara karatun Fatiha. Aka sha ruwa tare a kan tabarma ɗaya. Tsofaffi suka sami masu sauraronsu. Kuma, mu faɗi gaskiya, wanda ya aurar da ɗiya a makonnin nan bai sayar da akuyarsa ko hatsin rumbunsa don ciyar da taro ba, auren kuwa ya ɗauru daram.

To, ku sani jin daɗin irin waɗannan abubuwa ba laifi ba ne. Abin da shari'a ta hana shi ne murna da cutuwar Musulmi, ko fatan bala'i ya dawwama. Amma ganin ni'ima a cikin jarrabawa da gode wa Allah a kanta, wannan halin mumini ne. Ya inganta cikin Buhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, game da annoba, ya sanar da ita cewa Allah Ya sanya ta rahama ga muminai, kuma wanda ya zauna a garinsa yana mai haƙuri da neman lada yana da kwatankwacin ladan shahidi. Ku duba da kyau: zaman ne aka rataya wa lada. Alhafiz Ibn Hajar, wanda shi kansa ya rasa 'ya'ya mata a annoba a Masar, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan babi, mai suna Bazlul Ma'un. Mutumin da aka jarraba haka ba zai zauna yana tattara falalar abin ba in da ganin alheri a cikinsa saɓo ne.

Wani zai ce, ai an raba mu da jam'i, ina daɗi a nan? Lalle rufe masallaci ya yi wa zukata ciwo, har aka yi tarzoma a wasu unguwannin Yamai. Sai dai salla a gida saboda uzuri tana da asali. An ruwaito Ibn Abbas ya umarci ladaninsa ranar Juma'a mai ruwan sama da ya gaya wa mutane su yi salla a gidajensu. In taɓo da ruwa sun zama uzuri, ina ga cuta mai yaɗuwa? A annobar Amwas ta shekara 18 bayan hijira, wadda ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Amru ɗan Asi ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu. Game da asham kuwa, duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa a mazhabar Maliku yin ta a gida ya fi ga wanda niyyarsa ta yi ƙarfi, malamai suka ƙara da sharaɗin kada masallatai su zama kango. Ashe abin da muka ɗauka sabon abu, yana cikin littafin da ke jakar kowane ɗalibi, mun dai daɗe ba mu aikata shi ba ne.

Akwai iyaka guda wadda ya wajaba mu kiyaye. Ba kowa ya ɗanɗani wannan daɗi ba. Ɗan cin rani da rufe iyaka ya rutsa da shi a Kwatano ko Legas, da matar da ke jiran aikensa, da mai ɗan tebur da ke ci daga cinikin yini, su kwanakin nan yunwa da zullumi suka gani. Saboda haka wanda rumbunsa ke cike ya yi hattara da yadda yake ba da labarin natsuwarsa a gabansu. Ya tambayi kansa ma ko ƙwaryar furarsa ta taɓa tsallaka danga zuwa gidan maƙwabci a azumin nan.

Sa'an nan wanda ke kewar waɗancan makonni, to, ba annobar yake kewa ba, gidansa yake kewa, gidan kuwa yana nan inda ya bar shi. Farilla ta koma masallaci, haka ya kamata, kada wani ya fake da wannan darasi ya bar jam'i. Amma shafa'i da wutiri, da nafilar bayan Magariba, ba wanda ya ce sai a masallaci. Tsakanin Magariba da Lisha lokaci ne da ya isa uba ya saurari allon yaro ɗaya, ya gyara wa wani alwala. Haka batun buki: mun ga da idonmu an raɗa suna da rago ɗaya da 'yan dabino, yaron kuma ga shi ya girma yana zuwa makarantar allo.

Allah Shi ne mafi sani.