Yaya Karatu Yake a Jami'ar Oxford?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ne ya aiko da wannan tambaya. To Malam, tun wajen shekarar 1096 ake koyarwa a Oxford da ke Ingila. Kwalejoji sama da 30 ne suka haɗu suka zama jami'ar, kuma a kwalejinsa ɗalibi yake kwana, yake cin abinci, jami'a ce kuma ke shirya jarrabawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman mako-mako da malami. Ɗalibi biyu ko uku, kowa ya kawo rubutunsa, malami ya yi ta tankaɗe da rairaya, babu wurin ɓuya. Zangon karatu mako 8 ne kacal, sau 3 a shekara.

In digirin farko kake nema, shirya takardunka kafin tsakiyar Oktoba.