Daga Wuri Zuwa Kirifto: Yadda Ake Gane Kuɗin Da Zai Yi Ƙarko

Tun daga shekarar 2024 wasu sababbin kalmomi suka shigo bakin matasan Maiduguri, daga ɗakunan kwanan jami'a har zuwa majalisun Gwange da Bulunkutu. Za ka ji ana cewa wane ɗan baiwa ne, yana mainin, yana jiran ta fashe. Kalmar "fashewa" ta fi ɗaukar hankalina, domin a Hausar da muka gada, tulu ko taya idan suka fashe asara ce, amma a bakin 'yan kirifto samu ne. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda mutum zai gane wace ma'anar ce ke jiransa kafin ya zuba kuɗinsa ko lokacinsa.

Bari mu fara da kalmar "kuɗi" kanta. Duk wanda ya yi darasin ginin kalma ya san jam'in "wuri" ce. A nan Barno kuwa wuri baƙo ne, don kafin zuwansa da ƙyallen saƙi da ake kira gabaga ake ciniki, sai a tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Shehu Umar, ya samu karɓuwa a kasuwar Kukawa. Asalin wurin daga tsibiran Maldibs ake kawo shi, kuma wahalar kawowar ita ta riƙe darajarsa. Da fataken Jamus suka fara jibgo wani nau'i mai araha daga Zanzibar, sai wuri ya yi yawa har ya zamana dakonsa ya kusa cinye ƙimarsa. A 1904 Turawan mulkin mallaka suka hana shigo da shi.

Wannan tarihi shi ne ma'aunina na farko: nawa ne adadin kuɗin, kuma a hannun wa ragamar ƙara shi take? Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, an ƙayyade ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma kusan duk bayan shekara huɗu ana rage rabin ladan masu haƙo shi. Hamster Kombat kuwa guda biliyan 100 aka ƙirƙira, masu shi kuma suka ce mutum miliyan 300 ke danna waya. An kai shi kasuwa ranar 26 ga Satumba, 2024, kwana 16 bayan ambaliyar madatsar Alau, lokacin da matasa da yawa a garin nan ke neman abin da za su tayar da komaɗa. Akasarinsu 'yan daloli kaɗan suka tsira da su bayan watanni suna sayen data da biyan kuɗin caji. Abin da ya ja su shi ne Notcoin, wanda ya biya wasu a watan Mayu na shekarar, sai aka ɗauka kowace kaza haka take ƙwai.

Lissafin Pi ya fi wannan ban mamaki. An fara shi a 2019, kuma shekaru ana yaɗa cewa guda ɗaya zai kai dala 314,159. Adadin nan ba daga kasuwa ya fito ba, daga lambar lissafi ta 3.14159 aka aro shi. Idan aka ninka shi da biliyan 100, wato iyakar adadin Pi, za a samu sama da dala tiriliyan 31,000, alhali abin da duniya kacokan ta samar a shekarar 2024 bai wuce wajen tiriliyan 110 ba. Da aka buɗe cinikinsa ranar 20 ga Fabrairu, 2025, ya taɓa kusan dala 3, sannan ya gangaro ƙasa da rabin dala kafin shekarar ta ƙare.

Bugu da ƙari, akwai tambayar amfani. In an cire masu jiran farashi ya tashi su sayar, wa ke bukatar abin? Ɗan kasuwar Monday Market da ke sayen USDT don biyan kaya daga Dubai ko Sin aiki yake yi da shi, ko ana talla ko ba a yi. To amma ko irin wannan sai an binciki abin da ya jingina da shi, domin Terra ma ya yi alƙawarin tsayawa daidai da dala, ya kuma rushe cikin 'yan kwanaki a watan Mayu na 2022. Shi kansa Bitcoin ya faɗo daga kusan dala 69,000 a 2021 zuwa wajen 16,000 a 2022, saboda haka ni dai ba na ganin hikimar zuba kuɗin rajista a cikinsa.

Wanda ya yanka maka riba tabbatacciya kuwa bai cancanci dogon nazari ba. MMM ya yi alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ya daskare a Disambar 2016. CBEX ya ce zai ninka kuɗi cikin kwana 30, ya kife a Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin hukumar SEC, don haka tambayar rajista haƙƙin mai kuɗi ce.

A ganina mu ɗaliban harshe muna da wani makami da sauran jama'a ba su lura da shi ba, wato lokutan aikatau. Kowane shiri yana da takardar bayanin manufa. Ka samo ta ka fassara shafi biyu zuwa Hausa, sannan ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau. Ka ware "mun gina" da "muna sarrafawa" gefe ɗaya, "za mu gina" da "ana sa ran" ɗaya gefen. Jimlolin shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci ana iya bin sawunsu a tabbatar, amma na lokaci mai zuwa ba su da shaida sai bakin mai su. Ka kuma lura da lamirin nan na "an" da "za a", wanda ke ɓoye aikau. Idan takarda ta ce "za a saki kason masu shirin a hankali", sai ka nemi shafin da ya faɗi sunan mai sakin, da yawan kason, da ranar da zai samu damar sayarwa.