Hukuncin Abin Sha Idan Ya Kwana

A Faransa da Italiya manya kan taru wurin liyafa su ɗanɗana giyar inabi wadda ta shekara 20 a ajiye, gwargwadon tsufanta gwargwadon tsadarta. Mu kuwa wannan tsufa shi ne abin tsoro.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi (S.A.W.) zabibi, ya sha har maraicen kwana na uku, sa'an nan a shayar da sauran ko a zubar. Dalili kuwa, zaƙi in ya jima cikin ruwa yakan tsima ya zama barasa.

Jihar Zamfara ta hana giya tun 2000, amma kunun zaƙi da zoɓon da ke saura bayan walima a Talata Mafara, Bakura da Maradun ba su san doka ba, balle da zafin bazara. To, tsami kaɗai ba ya haramtawa, ai nono ma yana tsami. Illar ita ce maye: abin da mai yawansa ke bugarwa, ko kurɓi ɗaya haramun ne. Saboda haka uwargida, in kin buɗe tulu kika tarar yana kumfa yana warin giya, zubar da shi, kada ki ba almajirai sadaka.