Sassaben Zamani: Darasi Daga Gonakin Maraɗi

Da zarar bazara ta kama, manomi yakan ɗauki gatari da adda ya share gonarsa tas, ya tara sabara da kalgo ya cinna musu wuta. A ganinsa gona fes ita ce shaidar ƙwazo. Amma ƙasar da aka tsiraita haka ba ta da mai kāre ta. Iska takan kwashe ta, rairayi ya binne gero tun yana ɗan tsiro, har sai an sāke shuka.

Wannan hali ne Tony Rinaudo, masanin aikin gona daga Ostareliya, ya tarar a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda ya yi hidima da mishan ta SIM. Ya yi ta dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A shekarar 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace shekara tohon tsofaffin kututture ne, saiwoyinsu kuwa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Saiwar da ta riga ta kai ga danshi ta fi dashen gandu jure fari nesa ba kusa ba.

Aikin ba wuya. Manomi zai zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututture, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran da kaifin adda, ya rage rassan ƙasa, sa'an nan ya tsare su daga awaki da wuta. Abin da aka sare ya zama makamashi, ganyen da ya kaɗe ya zama taki. Gawo ma ya fi daɗin zama da manomi, gama da damina yake zubar da ganyensa, ba ya hana gero rana.

Wuyar tana wajen mutane. A yunwar 1984 an ba manoma hatsi domin su bar itatuwa a gonakinsu, amma da taimakon ya ƙare da yawa suka sare su. Ba laifinsu kaɗai ba ne: wa zai yi renon itacen da doka ta ce ba nasa ba? Waɗanda suka haƙura suka sami itacen girki da abincin dabbobi, maƙwabta suka gani suka bi. Da hukuma ta sakar wa manoma ikon itatuwan gonakinsu, sai aikin ya bazu, har bincike ya nuna ya kai kadada wajen miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200.