Darasi a kan Sayen Fili da Gida don Neman Riba

 Tun ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, mutanenmu suka ƙara gane cewa kuɗin da ke kwance a akwati yana iya narkewa cikin dare ɗaya. Shi ya sa mai ɗan hali yake rugawa ga fili ko gidan haya. Neman halal ne, amma fili ba ya tsare dukiya sai an kiyaye haƙƙin mutane da haƙƙin Allah a cikinsa. Ga tambayoyi huɗu da ya kamata kowane mai saye ya san amsarsu.

Tambaya ta farko: daga hannun wa za mu saya?

Sai daga mai shi na gaskiya ko wakilinsa tabbatacce. Dillali yana da la'adarsa, amma bakinsa ba hujja ba ne. A birni, a kai takardar filin ma'aikatar magajin gari a duba lambarsa da sunan da ke rubuce, domin an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A karkara kuwa, dokar filaye ta 1993 ta tanadi hukumomin da ke shaida ciniki tare da sarakunan gargajiya. A rubuta, a kafa shaidu, a nuna iyaka huɗu a gaban maƙwabta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaida a ciniki. Buhari da Muslimu kuma sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani.

Tambaya ta biyu: ya halatta a sayi rabon magaji kafin a raba gado?

Cinikin yana yiwuwa, amma akwai shufu'a a kansa. A mazhabar Imam Malik, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ikon biyan mai saye kuɗinsa ya karɓe rabon. Maƙwabci ba shi da wannan iko. Idan kuma da marayu a cikin magada, kada a miƙa ko dala sai da izinin waliyyinsu da sanin alƙali. Wanda ya yi haƙuri aka gama rabo ya huta da sammaci.

Tambaya ta uku: me za mu duba a filin kansa?

A je a gan shi da damina, domin rani yana ɓoye aibi. Tsohon garin Maraɗi yana kwarin gulbi ne, ambaliyar 1945 ta sa aka mayar da shi kan tudu. A 2020 kogin Kwara ya cinye unguwanni a Yamai, a 2024 kuma ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram. Fili mai arha a hanyar ruwa asara ce da aka saya da kuɗi. Shi ma mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, ɓoye shi algus ne.

Tambaya ta huɗu: yaya zakka take?

Gidan zama babu zakka a kansa. Gidan haya ma ba a yi masa ƙima, sai dai kuɗin hayar da ya shekara a hannu kuma ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, a fitar da ɗaya cikin 40. Wanda ya sayi fili da niyyar kasuwanci ya ajiye yana jiran tsada, malaman Malikiyya sun ce zakkar shekara ɗaya zai fitar ranar da ya sayar, ko da filin ya daɗe. Misali, in ya sayar a kan sefa miliyan 10, zakkarsa jaka 250 ce. Amma wanda sana'arsa ke nan, yana saye yana sayarwa kullum, yakan ƙiyasta filayensa kowace shekara.

Daga ƙarshe, muna jan kunnen kawunanmu kada mu ci bashin ruwa don gini, kada kuma mu ƙuntata wa ɗan haya mai uzuri na gaskiya. Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin bayinSa. Amin.