Kalmar ruɗin ido

Ɗan'uwa mai karatu, in kana zuwa fatauci Katsina ko Kano, wata rana za ka ji wannan kalma ta Ingilishi: deceptively. Ana faɗinta kamar "disebtibli". Tushenta deceive ne, wato yaudara. Wutsiyar -ly kuwa aikin "da" take yi, kamar a "da sauri".

Amma kula, ba kullum ne mutum ke yaudarar ba. Sau da yawa ido ne. Dubi Gulbin Maraɗi a watan Agusta, daga Jiratawa har Tibiri. A sama ruwa ya kwanta luf, a ƙasa yana jan ƙafa. Bature zai ce deceptively calm: a ido shiru, a ciki ba haka ba. Ranar nan, kar ka bar yaro ya ƙetare da awaki.

To, wanda ya zuba tsakuwa cikin tiyar hatsi fa? Wannan algus ne, da gangan ya yi. Kalmarsa daban ce: deceitfully.

Su kansu Turawa sukan yi gardama kan kalmar. Shallow shi ne marar zurfi. In an ce maka gulbi deceptively shallow ne, zurfi gare shi ko babu? Wani ya ce akwai, wani ya ce babu. Ka sake tambayar mai maganar kafin ka tuɓe takalmi.