Amsar Tambaya: Ciniki Kullum, Jari Bai Ƙaru Ba

Tambaya: Hajiya, ina sayar da doya a kasuwar Yendi. Ciniki na tafiya, amma shekara ta zagayo ban tara komai ba. Ina son in faɗaɗa har Salaga da Bawku. Ta ina zan fara? Daga wata 'yar'uwa a Yendi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sa wa nemanki albarka. Burinki mai kyau ne, sai dai ki sa masa adadi da wa'adi. Ki rubuta: "Nan da wata 6 zan ƙara sidi kaza a jarina."

Ki sayi littafi, ki riƙa rubuta shige da fice kowace rana. Ki raba jari da kuɗin cefane, ki buɗe asusun kuɗi na waya (MoMo) daban don kasuwancin. Ki shiga susu, wato adashi, kwasarki ta zo lokacin kaka, sa'ad da doya ke araha. Kuɗin makarantar yara kuma ki ware musu nasu.

Ki fara da Salaga, tunda doya kika sani. Albasar Bawku ta jira sai ƙafarki ta tsaya. Ki guji bashi mai ruwa da yawan ba da kaya bashi. Duk ƙarshen wata ki duba littafinki.